Taubasai a Bakin Magudana

A shekarun da suka biyo bayan babban yaƙin Turawa na biyu, lokacin da gyaɗa ta yi daraja har kasuwar Rogo ta soma cika tana batsewa, En'e, hukumar gargajiya, ta yanke shawarar a yi wa kasuwar magudanar ruwa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk mai hanci. Mahauta tana gabas da kasuwa, karofin masu rini yana maƙwabtaka da ita, kuma jinin yanka da ruwan wankin tumbi da baƙin ruwan rini duk wuri ɗaya suke taruwa su kwanta. Aka tsara a haƙa magudana, a jera mata duwatsu, a shafe da siminti, ta kwashi wannan ƙazanta ta bi ta arewa ta zubar a tsohon kududdufin bayan gari, inda ba mai sha, ba mai wanka.

Barau ne ya sami kwangilar. Ƙaton mutum ne mai tumbi da yawan fara'a, ya gina rumfunan kasuwa a wurare da dama ba a taɓa kuka da shi ba. Wanda aka ɗora wa duba aikin kuwa shi ne Malam Ƙasimu, duba-garin yankin, siririn mutum mai murtukakkiyar fuska, irin mutanen nan da ke kwana da abin da kowa ya manta da shi tun la'asar. Idan ya sa aka rufe wa wani masai, sai ya yini yana tunanin ko ya yi wa mai gidan tsawa fiye da kima. Idan ya ƙyale, sai ya yini yana tunanin 'ya'yan maƙwabta.

Sai dai Inno, mahaifiyar Barau, da mahaifin Ƙasimu ciki ɗaya suka fito. Wato Ƙasimu da Barau taubasai ne, kuma tun suna yawo ba wando ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da sun yi wa juna tatas ba. Kowannensu yana cewa ɗayan bawansa ne. Duk abin da ɗaya ya faɗa wa ɗaya, kome muninsa, dariya ake yi, don haka aka gada. A wannan fage Ƙasimu ya yi suna, saboda shi ba ya murmushi idan yana wasa. Ranar ɗaurin auren Barau ya miƙe a gaban dangin amarya, fuska kamar mai kawo saƙon rasuwa, ya ce amana ta sa dole ya sanar da su ango yana tsoron kaza. Har tsofaffi sai da suka riƙe ciki.

Malam Hadi, malamin ayyuka da ke Karaye, ya san da wannan dangantaka sarai lokacin da ya haɗa su. A ganinsa ma dabara ya yi, don ya ce duk duniya ba wanda zai fi jin daɗin tona wa Barau asiri kamar Ƙasimu.

Da aiki ya yi nisa, Ƙasimu ya dawo daga zagayen ƙauyukan wajen Zoza, ya jingine kekensa a gindin tsamiya, ya bi magudana da ƙafa. Daga mahauta ta miƙe sosai kamar yadda aka tsara. Da ta iso inda ƙasa ta koma jar marmara, sai ya ga ta karya kwana ta yi yamma, ta bi ƙasa mai laushi, ta ratsa ta gefen rijiyar unguwa. Tsakaninta da bakin rijiyar bai fi tsawon igiyar ɗaure akuya ba. Rabin garin daga wannan rijiya yake sha.

Ya tarar da Barau zaune a kan tarin duwatsu yana cin rogo da ƙuli, leburori suna haƙa a gabansa.

“A'a, ga Sarkin Masai!” in ji Barau. “Bawa, wa ya sake ka da rana tsaka? Zo ka ɗauki shebur.”

“Barau, ba nan aka ce magudanar nan ta bi ba.”

“To ina aka ce ta bi? Ta ƙofar ɗakinka?”

“Ta arewa. Ka kawo ta gindin rijiya. Siminti yana tsagewa, ƙasar nan kuma tana shan ruwa. Damina na sauka, abin da ya fito daga mahauta a cikin randunan mutane zai kwana.”

Barau ya juya ga leburori, ya nuna shi da guntun rogo. “Kun ji shi? Ku dubi fuskar, don Allah. Ko alƙali albarka!” Leburori suka dogara da digoginsu suna dariya, don su ma sun san mutanen biyu.

“Da gaske nake.”

“Haka ka ce ranar da ka shaida wa kasuwa jakina ya roƙe ka a sayar da shi ga mai tausayi. Arewa marmara ce, diga tana tashi kamar ta bugi ƙarfe, hannuwan yaran nan duk sun yi kanta. Ruwa kuwa ƙasa tace shi take yi, kowa ya sani.”

Ƙasimu ba mai yawan rantsuwa ba ne, amma ranar ya rantse da Allah. Barau ya dafe ƙirji.

“A'uzubillahi! Yau wasan har da rantsuwa? Je ka yi kaffara, bawa, na yafe maka nawa.”

Kashegari Ƙasimu ya hau keke ya tafi Karaye. Hakimi yana rangadi, sai ya sami Malam Hadi a zaure tare da fadawa biyu suna shan inuwa. Bayan an gaisa, an tambayi gajiya da iyali da mutanen Rogo, ya faɗi abin da ya kawo shi, dalla-dalla. Tun bai kai ƙarshe ba ɗaya daga cikin fadawan ya soma kyarma da dariya a cikin rawaninsa.

“Malam Ƙasimu,” in ji Malam Hadi yana share ido, “ashe har nan za ka biyo shi? Bara ma ai nan ka zo ka ce a ci shi tara, tumbinsa ya tare hanyar En'e.”

“Wancan wasa ne, Malam. Wannan ba wasa ba ne.”

“Wancan ma da wannan fuskar ka zo.”

Da Ƙasimu ya nace, Malam Hadi ya ce to shi ke nan, in an gama aiki za a zo karɓa, a ranar sai ya faɗi abin da ya gani a gaban Hakimi. Fadawa suka ce lalle za su zo, don ba za a ba su labari ba. Ƙasimu ya yi sallama ya fito. Ya san kafin ranar karɓar aiki ruwan sama ya sauka, mahauta kuma ba za su jira kowa ba, da sun ga rami za su soma zuba.

A hanyar komawa ya riƙa tuka keke a hankali yana zargin kansa. Shekara da shekaru yana tara wa kansa suna da wasan da ba a gane shi a fuska, yana jin daɗi a ɓoye idan an ce ba kamarsa. Ga shi yau yana da magana ɗaya tak da yake bukatar a gaskata, kuma shi da kansa ya ɓata mata hanya tun kafin ta zo.

Ya biya ta gidan Inno, ya same ta a tsakar gida tana kaɗi. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, “Gwaggo, ki yi wa Barau magana. Zai ɓata muku rijiya.”

Inno ta ajiye mazari ta dube shi, sai ta fashe da dariya har da tafa hannu. “Ku dai ba za ku girma ba. Furfura a gemu, amma kullum kamar 'yan tsaki. Jiya shi ma ya ce mini wai Turawa sun ba ka lambar yabo ta leƙen masai.” Ta kira a kawo masa ruwa. Aka kawo a ƙwarya, mai sanyi, garau, na rijiyar nan. Ya sha ya yi hamdala, ya daɗe yana kallon sauran da ya rage.

Kwanaki suka yi ta wucewa. Manoma suka gama sharar gona, gajimare ya soma haɗuwa a gabas da yamma yana watsewa. Kullum Ƙasimu sai ya je bakin aiki ya faɗi maganarsa, kullum sai a yi dariya. Har 'yan kasuwa suka soma ajiye ciniki su taho kallo idan sun hango kekensa. Ya gwada tsawa, aka ce yau ya ƙara gishiri. Ya gwada jan Barau gefe, Barau ya rungume shi ya ɗaga shi sama kamar damin dawa ya dire.

Wata ranar Laraba da hantsi ya nufi gidan Barau, ba don yana sa ran wani abu ba. Da ya yi sallama a zaure sai ya tarar da baƙo, Malam Alhassan na Yammedi, surukin Barau, dattijo mai farin gemu. A gaban surukin mutum ba a yi masa wasa, ko da taubashi ne. Saboda haka Ƙasimu ya tuɓe takalmi a waje, ya durƙusa ya gai da dattijo, sa'an nan ya juya ya gai da Barau yadda ake gai da mai gida: ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya aiki. Barau ya amsa yana danne dariya, yana jiran tsoho ya tashi.

Tsoho ya tashi ya shiga cikin gida wurin 'yarsa. Barau ya gyara zama, ya murza hannu, ya ce, “To, bawa, sauke abin da ka ɗauko.”

Amma Ƙasimu ya gaji. Ba shi da sauran wasa a bakinsa, ba shi da sauran faɗa. Ya ce, “Ba kome, Malam Barau. Gaisuwa ce kawai. Allah ya ba da sa'ar aiki. Na bar ka lafiya.” Ya sa takalmi ya tafi.

Washegari da sassafe, yana karin kumallo, ya ji sandar Inno tana bugun ƙasa tun daga soro. Matarsa Maimuna ta yi maza ta shimfiɗa tabarma, Inno ta ƙi zama.

“Ƙasimu, me ɗana ya yi maka da za ka gaishe shi?”

“Gwaggo, ina kwana.”

“Riƙe kwananka. Yaro ya zo mini jiya ko tuwo ya kasa ci. Ya ce ka kira shi Malam, ka yi masa addu'a, ka tafi ko tumbinsa ba ka ambata ba. In wani abu ne ya shiga tsakaninku, ku faɗa mini tun ina da rai. Ni da ubanka nono ɗaya muka sha.”

Maimuna ta juya baya tana gyara murhun da ba abin da ya same shi, kafaɗunta suna rawa. Ƙasimu kuwa bai yi dariya ba. Ya lallashi tsohuwa, ya ce ba gaba ba ce, ya raka ta har ƙofa. Da ya dawo ya zauna, koko ya huce a gabansa.

“Malam,” in ji Maimuna, “ka sha mana.”

“Na sami abin da Barau zai ji,” ya ce. “Amma ban so ba.”

Abin da ya dame shi shi ne, ladabin da zai yi wa Barau ba ladabi ba ne, bulala ce. Zai ɗauki gaisuwa, wadda aka yi don sada zumunci, ya tsorata ɗan'uwansa da ita. Kuma a duk faɗin ƙasar nan Barau kaɗai ne mutumin da yake sakin jiki da shi. Ya auna wannan, ya auna rijiya, ya tashi ya sa farar rigarsa ta Juma'a.

Ranar kasuwa ce, bakin aiki ya cika da 'yan kallo. Ƙasimu ya jingine keke, ya tuɓe takalmi a kan turɓaya, ya rage tsawo a gaban Barau.

“Ranka ya daɗe, barka da aiki.”

Mutane suka kwashe da dariya, suna jiran abin da zai biyo baya. Barau ma ya yi dariya, amma idonsa yana kan fuskar Ƙasimu.

“Tashi, kai bawan gado. Kai da aka saya da ƙwaryar dusa.”

“Godiya nake, ranka ya daɗe.”

“Mai wuya kamar na zalɓe. Wanda ko sauro ya cije shi sai ya yi nadama.”

“Haka ne, ranka ya daɗe. Allah ya ƙara girma.”

Barau ya kai hannu ya fizge masa hula, abin da ya saba yi tun suna yara, wanda kullum ke jawo kokawa da guje-guje. Ƙasimu ya tsaya kai ba hula a cikin rana, hannuwa a haɗe, yana kallon ƙasa. Dariyar mutane ta yi ta raguwa har ta ɗauke. Wani mahauci ya yi tari. Barau ya juya hular a hannunsa, ya kaɗe mata ƙurar da babu, ya miƙa masa da hannu biyu.

“Ƙasimu,” ya ce, murya ƙasa-ƙasa, “don girman Allah ka zage ni.”

“Sai ruwan mahauta ya bi ta arewa.”

Barau ya waiwaya ya dubi ramin da ya haƙa, ya bi shi da ido har gindin rijiya, inda wata mata ke jan guga da goyo a bayanta.

“Wai maganar nan da gaske ce?”

“Tun ranar farko.”

“To me ya hana ka faɗa?”

Wani daga cikin leburori ya yi ƙoƙarin danne dariya ya kasa. Ƙasimu ya ja Barau zuwa bakin rijiyar, ya gaya masa abin da ya taɓa gani a wani ƙauye farkon kama aikinsa, inda ruwan ƙazanta ya sami hanya ta ƙarƙashin ƙasa. Ruwan rijiyar bai canja launi ba, bai yi wari ba, sai dai gudawa ta shiga gida-gida, ta fi ɗaukar ƙanana. Wannan karon Barau bai katse shi ba.

“Marmarar nan za ta cinye ni,” ya ce daga baya.

“Na sani, ranka ya daɗe.”

“Ka daina ce mini haka, kamar ana soka mini tsinke!”

“In an gama, ranka ya daɗe.”

Aka cike ramin yamma aka daddaɓe. Barau ya aika aka kira masu haƙar rijiya, waɗanda suka saba da ƙasa mai tauri, shi ma ya tuɓe riga ya ɗaura ɗan bante a kan wando ya karɓi diga. Mutanen Rogo ba su taɓa ganin wannan tumbi yana aiki ba, har mata masu tallar fura suka riƙa ratsowa ta wurin ba don ciniki ba. Kullum da safe Ƙasimu yakan zo ya tuɓe takalmi ya yi gaisuwa cikakkiya, Barau ya amsa da ƙyar kamar mai haɗiyar maɗaci. Sau da yawa maganganu masu daɗi sukan zo wa Ƙasimu har bakin harshe, musamman ranar da diga ta kuɓuce Barau ya zauna daɓas a cikin kwaɓin siminti. Ya haɗiye. Yana tsoron in ya saki kalma ɗaya, duk abin zai koma wasa, a wayi gari magudana ta sake yin yamma. Ya koma gida ranar ya gaya wa Maimuna abin da ya so faɗa, ta yi dariya, amma ba irin dariyar da yake nema ba ce.

Ruwan farko ya sauko da la'asar, simintin ƙarshe bai daɗe da bushewa ba. 'Yan kasuwa suka watse da gudu, su biyun suka fake a wata rumfa kusa da mahauta. Suna tsaye suka ga ruwa ya taru, ja daga mahauta, baƙi daga karofi, ya haɗu ya shiga magudana, ya miƙe ta cikin jar marmara ya nufi kududdufi. Ƙasimu ya fita cikin ruwan ya bi shi da ƙafa har ƙarshe, ya dawo ta wajen rijiya ya duba, ya ga ba abin da ya ratso. Ya komo rumfa sharkaf, rigarsa ta manne masa a haƙarƙari.

Barau yana tsaye yana jira, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ƙasimu ya dube shi sama da ƙasa da fuskar nan tasa.

“Kai bawa,” ya ce, “ina ka kai tumbin? Kayan gidanmu ne, aro aka ba ka. Gobe zan kai ƙara Karaye.”

Barau bai yi dariya nan da nan ba. Ya ƙura masa ido, ya ɗan karkata kai.

“Tsaya tukuna. Wannan wasa ne, ko aiki?”

Tun da suke, ba a taɓa yin wannan tambaya a tsakaninsu ba, kuma Ƙasimu ya gane daga yau za a riƙa yin ta. Ya matse ruwa daga hannun rigarsa, ya ce, “Wasa ne.”

Sai a lokacin Barau ya saki dariya, irin tasa mai girgiza rumfa, ya dafa kafaɗar Ƙasimu har ya kusa kayar da shi.

“To ka ji tsoron Allah, jiƙaƙƙen zakara. Mu je gidan Inno ka zage ni a gabanta, ko tsohuwa ta sami barci.”